Yadda ma'aikacin kwamfuta mai satifiket zai yi cinikin albashinsa

Mutumin da zai shafe awa guda a kara yana cinikin ragon layya, ya duba haƙora, ya dafa gadon baya, ya yi tayi a ce albarka, ya juya kamar zai tafi har a kira shi, shi ne kuma za ka gani a gaban mai ɗaukar aiki an tambaye shi nawa yake so, ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk abin da kuka ba ni, ranka ya daɗe, Allah ya sa albarka." Ni ma na taɓa faɗin haka. Ina gama bautar ƙasa na samu aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, ga sabon satifiket ɗina na gyaran kwamfuta, CompTIA A+, a cikin leda don kada ya yi datti. Abin da suka faɗa shi na karɓa, har da godiya sau uku. Bayan wata bakwai aka kira ni ofishin akanta, firinta ta cinye takarda. Ina zaro takardar sai ga jerin albashi, ido kuwa ba ya neman izini. Abokin aikina da aka ɗauke mu wata ɗaya, aikinmu ɗaya, ya fi ni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban ɗaga maganar ba, don abin da mai gyara ya gani a bakin aiki amana ce. Daga baya dai shi da kansa ya gaya mini sirrin: ya ce musu kuɗin ya yi kaɗan, suka ƙara. Shi ke nan.

Ga yadda nake ba ƙannena shawara su bi, ko namiji ko mace.

Mataki na farko: ka san girman kayan kafin ka yi masa kuɗi

Sunan aiki a talla ba ya nuna nauyinsa. A wani wuri "jami'in kula da kwamfuta" yana zaune ne a tebur yana amsa kira, yana sabunta kalmar sirri, akwai manya a samansa. A wani wurin kuwa shi kaɗai ne: shi ne mai netwok, shi ne mai kyamarorin tsaro, shi ake kira idan inbata ta fara kuka, shi zai gyara wayar maigida da ta uwargida, kuma shi zai riƙa ɗora hotuna a Facebook. A yawancin makarantu da asibitoci masu zaman kansu na nan Arewa, na biyun ne ya fi yawa.

Don haka tun a intabiyu ka yi tambayoyi, ka rubuta amsa a gabansu. Kwamfutoci nawa ne? Rassa nawa, kuma a waɗanne garuruwa? Mutum nawa ne a sashen? Ana aiki Asabar? Idan intanet ta ɗauke da ƙarfe goman dare, wa ake kira? Wanda yake kan kujerar da, me ya sa ya tashi? Wannan ta ƙarshen ka yi ta da ladabi, amma ka yi ta. Yadda suka amsa zai gaya maka abin da ba a rubuta a talla ba.

Mataki na biyu: ka nemo farashin kasuwa na yau

Ka fara da shafukan neman aiki irin su Jobberman, MyJobMag da LinkedIn. Ba kowace talla ce ke faɗin albashi ba, amma idan ka tara goma ko goma sha biyar da suka faɗa, za ka ga inda ruwan ya tsaya. Ka lura da gari. Kuɗin Legas ko Abuja ba na Kano ko Sakkwato ba ne, don kuɗin haya da na mota ba ɗaya ba ne. Sai dai kamfanin da hedikwatarsa take Legas yakan biya reshensa na Arewa fiye da kamfanin gida, kada ka auna su da mudu ɗaya.

Hanyar da ta fi wannan amfani ita ce mutane. Amma kada ka tambayi kowa nawa ake biyansa, za ka ji "ana dai lallaɓawa" kawai. Ka juya tambayar: "Yaya, idan asibiti mai kwamfuta arba'in ya nemi mutum mai shekara biyu a aiki da satifiket ɗin netwok na CCNA, nawa kake ganin ya kamata ya nema?" A nan za ka ga baki ya buɗe, don ba aljihunsa ka leƙa ba, shawara ka nema. Ka tambayi mutum uku zuwa biyar a wurare daban-daban.

Duk adadin da ya girmi shekara guda ka ɗauke shi da taka-tsantsan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya ce maka "mu lokacin da muka fara kaza ake ba mu", gaskiya ya faɗa, amma wannan kuɗin ya mutu. Akwai ma'auni biyu da za su taimake ka ka gane tayin raini: mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kuma naira 77,000 tun Maris na 2025. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma duk da haka wanda ya yi maka tayin da bai kai na ɗan bautar ƙasa ba, ga ka da satifiket da gogewa, ya gaya maka matsayinka a wurinsa.

Aikin gwamnati daban ne. Can tsarin mataki ake bi, mai digiri yakan fara a mataki na 8, babu ciniki a kan adadi. Abin da za ka sa wa ido shi ne a ɗora ka a matakin da ya dace da takardunka. Ƙungiyoyin agaji ma suna da rukunin albashi a rubuce, amma kowane rukuni yana da ƙasa da sama, kuma a tsakanin nan ake ciniki. Bankuna kuwa sau da yawa ba su ne ke ɗaukar masu irin aikinmu kai tsaye ba, wani kamfanin kwangila ne. Ka tambaya tun da wuri sunan wa zai fito a takardar ɗaukarka aiki.

Mataki na uku: ka yi lissafin abin da zai shigo asusu

A nan aka fi kayar da sababbin shiga. Za a faɗa maka babban adadi, ka je gida ka yi albishir, ƙarshen wata alat ya shigo ka ga ya rame. Adadin da suke faɗa yawanci jimla ce kafin cire-cire.

Bari mu yi misali, adadin na koyon lissafi ne kawai. An ce za a ba ka naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangarenka, mai aiki kuma ya zuba kashi 10 daga nasa aljihun, ana lissafawa a kan tushen albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan duka albashin waɗannan ukun ne, naira 20,000 ke nan a wata, 240,000 a shekara. Saura 2,760,000. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18. Kai abin da ya rage maka bayan 800,000 shi ne 1,960,000, kashi 15 ɗinsa 294,000, wato 24,500 a wata. Abin da zai shigo hannunka: naira 205,500. Kusan dubu 45 sun tafi tun kafin ka hau adaidaita. Akwai ɗan sassauci ga mai biyan haya, kashi 20 na kuɗin hayar shekara har zuwa naira 500,000 ake ragewa daga abin da za a ɗora wa haraji, amma sai ka gabatar da shaida, don haka ka riƙa karɓar rasit daga mai gida.

Yanzu ka zauna da biro. Ka rubuta kuɗin mota na kwana 22 ko 26, abincin rana, data, haya ka raba ta 12, cefane, kuɗin makarantar yara idan akwai, da abin da kake aika wa iyaye, don wannan ma ba ya jiran ƙarin albashi. Daga nan ka fitar da adadi uku. Na farko shi ne wanda ƙasa da shi ba za ka iya aikin ba, wannan naka ne kai kaɗai, ba ka faɗa wa kowa. Na biyu shi ne wanda kake ganin adalci ne bisa binciken da ka yi. Na uku shi ne wanda za ka fara furtawa, sama da na biyun da ɗan tazara, kamar kashi 10 zuwa 20, don a samu wurin saukowa. Kada ka zarce da yawa har a ɗauke ka wanda bai san kasuwa ba.

Mataki na huɗu: ka mayar da satifiket magana

Gaskiya mai ɗaci ita ce da yawa daga masu ɗaukar aiki ba su san bambancin A+ da CCNA ba, kuma ba laifinsu ba ne. Alhajin da ke da asibiti ko makaranta ba haruffa yake saya ba, kwanciyar hankali yake saya. Idan ka ajiye masa takarda kawai, zai duba ya ce "madalla" ya tura gefe.

Ka san nauyin abin da ke hannunka. A+ jarrabawa biyu ce, tana nuna ka san tushen gyara da tsarin kwamfuta, ta shiga ƙofa ce. CCNA ta Cisco ta fi ta nauyi a wurin da ke da netwok mai rassa, kuɗin jarrabawarta dala 300. Dukansu biyu shekara uku suke yi sai an sabunta. ITIL, wato shaidar sanin tsarin tafiyar da sashen kwamfuta, ta fi tasiri a bankuna da manyan kamfanoni da ke aiki da tsarin karɓar koke a rubuce. Kwas ɗin Google da ake yi ta intanet a shafin Coursera yana da kyau wajen koyo, amma ba a zaunar da kai a cibiyar jarrabawa ana sa maka ido, don haka masu sani ba sa ba shi nauyin waɗancan. Haka shaidar shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023: masu ita sun yi yawa, ita kaɗai ba za ta ɗaga maka farashi ba.

Idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Ga kowace takarda ka shirya labari ɗaya na abin da ka yi da hannunka. "A inda na yi bautar ƙasa intanet kan yanke kusan kullum da azahar. Na bi na gano cewa wayoyin ma'aikata ne ke cinye ta, na raba layin ofis da na baƙi, matsalar ta tsaya." Wanda ya koyi aiki a kasuwannin kwamfuta da waya na titin Beirut ko Farm Centre a Kano kafin ya yi jarrabawa kada ya ɓoye wannan, ya faɗa da alfahari. Mutumin da ya san inda ake samun kayan gyara na asali da farashinsu yana rage wa kamfani asara kowane wata.

Mataki na biyar: lokacin magana da kalmomin da za ka faɗa

Ƙarfinka ya fi yawa a ɗan tsakanin nan: bayan sun ce kai suke so, kafin ka sa hannu. Kafin nan kana cikin taro ne, bayan nan kuma ka zama ɗan gida.

Idan an tambaye ka tun a farkon intabiyu, ka yi ƙoƙari su fara faɗa. "Yallaɓai, zan so in fara fahimtar girman aikin tukuna. Ko akwai abin da kuka ware wa wannan kujerar?" Kusan kullum akwai, don ba a tallata aiki sai an yi masa kasafi. Idan suka dage sai ka faɗa, kada ka yi ta zillewa har ka ba su haushi. Ka faɗi adadinka na uku, ka bayyana cewa abin da zai shigo hannu kake nufi, ka ba da dalili a jimla ɗaya. Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuya a duk cinikin. Za ka ji kamar ka ce "amma ko ƙasa da haka ma babu komai". Kada ka ce. Ka bar su su yi magana.

Idan aka tambayi nawa ake biyanka a inda kake, kada ka yi ƙarya, wasu na neman takardar albashi. Ka faɗi gaskiya ka ɗora da cewa aikin can bai kai wannan ba, ko kuma ƙarancin kuɗin ne ma ya fito da kai.

Ranar da tayi ya zo, ka yi godiya sosai, ka nemi kwana ɗaya ko biyu. Ba wanda zai ga laifinka don ka ce za ka yi shawara da gida. Sai ka koma ka ce wani abu kamar haka: "Ranki ya daɗe, na ji daɗin wannan dama kuma ina son aikin. Sai dai da na duba rassa uku da zan riƙa zagayawa da aikin Asabar, na ga kaza ne zai yi daidai. Idan za a iya kaiwa nan, yau zan sa hannu." Ka lura ba a ambaci tsadar shinkafa ko haihuwar da ake jira ba. Buƙatarka kai ta dama, su aikin suke saya. Wanda ya shiga da koke, taimako za a yi masa, taimako kuwa mai bayarwa ne ke yanke adadinsa.

Akwai yanayin da ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ya fi yawa a wurinmu: aikin da kawu ko wani babba ya nema maka. A nan kunya takan ɗaure baki, kana ganin idan ka yi ciniki ka watsa masa ƙasa a ido. Shawarata ita ce ka koma wurinsa kafin ka amsa. "Kawu, sun yi mini tayin kaza, ga lissafin mota da abinci, ga abin da zai rage. Yaya kake gani?" Sau da yawa shi da kansa zai ɗaga waya, kuma magana ɗaya tasa ta fi taka goma. Rashin tayi akan bar arha.

Mataki na shida: idan adadi ya ƙi motsi

Wani lokaci da gaske babu kuɗin, ko tsarinsu bai bari ba. To, ciniki bai ƙare ba. Ka nemi alawus na data da katin waya, tunda da wayarka za a riƙa kiranka. Ka nemi kuɗin mota na zuwa rassa a biya shi daban. Ka tambayi inshorar lafiya, ko ta haɗa da iyali. Ka nemi a ba ka ranar hutu a madadin duk daren ko Lahadin da aka kira ka. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne kuɗin jarrabawa: dala 300 a canjin yau ta fi albashin wata na mutane da yawa, amma ga kamfani ƙaramin abu ne, kuma sun fi saurin yarda da abin da za a biya sau ɗaya fiye da ƙarin kowane wata. Sai dai ka karanta sharaɗin, wasu za su ce sai ka zauna shekara kaza ko ka mayar da kuɗin.

Idan suka ce "fara tukuna, bayan watannin gwaji za mu duba", ka ce to, amma a rubuta wata da adadi. "Za mu duba" da ba a rubuta ba, ni dai ban taɓa ganin ranar da aka duba ta ba.

Mataki na bakwai: ka karanta takarda kafin biro ya taɓa ta

Ka tabbatar adadin da aka yi magana shi ne a rubuce, kuma an fayyace na wata ne ko na shekara, kafin cire-cire ne ko bayansa. Ka duba tsawon gwaji, kwanakin hutu, da wa'adin sanarwa idan ɗayanku zai rabu da ɗaya. Ka duba maganar fansho: dokar ta wajabta shi a kan kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama, kuma bayan wata biyu ko uku ka leƙa asusunka na fansho ka ga ko da gaske ana zubawa, don akwai masu cirewa su riƙe. Idan rigima ta taso, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraro, tana da reshe a Kano da Kaduna, kuma abin da za ta fara nema shi ne wannan takardar. Ka ɗauki hotonta ka aika wa kanka ta imel.

Ga wanda ya riga ya shiga da ƙaramin albashi

Matsalar aikinmu ita ce idan ka iya shi ba a ganinka. Ranar da komai ke tafiya daidai, sai a ce injiniya ba ya komai sai danna waya. Maganin wannan shi ne littafi. Ka sayi ƙaramin littafi ko ka buɗe shafi a Excel, kullum ka rubuta abin da ya lalace, wa ya kira, minti nawa ka ɗauka, da nawa za a kashe da an kira mai gyara daga waje. Kwamfutar da aka ce a jefar ka farfaɗo da ita, ka rubuta kuɗin sabuwa a gefe. Duk sabon nauyin da aka ɗora maka wanda ba ya cikin takardarka, ka rubuta ranar da ya fara.

Bayan wata shida ka taƙaita shi a shafi ɗaya. Ka tambayi akanta watan da ake tsara kasafin shekara mai zuwa, ka nemi ganin shugabanka kafin nan, ba a tsaye a baranda ba, ba kuma ranar da aka yi asara ba. Ka miƙa masa shafin, ka faɗi adadi. Kada ka kawo albashin wani a matsayin hujja, musamman idan ta hanyar aikinka ka gan shi. Kada kuma ka ce za ka tafi sai idan da gaske akwai wata takardar a aljihunka, don akwai shugaban da zai ce "Allah ya kiyaye hanya" nan take.

Idan an ce a'a, ka tambayi abin da za ka yi a ce e, da kuma yaushe. Amsar da ta zo da wata da sharaɗi, ka rubuta ta ka aika masa ta imel a ranar a matsayin tunatarwa. Amsar da ta zo da "a ci gaba da haƙuri" kawai, ka fara aika takardun neman aiki a wannan makon, kana kuma ci gaba da aikinka yadda ya kamata. Ranar tafiya ka ba da sanarwa daidai da wa'adin da ke takardarka, ka rubuta duk kalmomin sirri na rauta (na'urar raba intanet), kyamarori da imel ɗin kamfani, ka miƙa wa shugabanka hannu da hannu, ya sa hannu a kwafi ɗaya ka riƙe.